Ƙagaggun Labaran Kimiyya da Tarihin Zuwa Sararin Samaniya

Ƙagaggen labarin kimiyya reshe ne na adabi wanda marubuci ke gina labarinsa a kan wani ilimi ko wata na'ura, ko da ba a kai ga ƙera ta ba tukuna, sannan ya bi diddigin abin da zai faru da mutane idan ta samu. Cikin jigoginsa babu wanda ya kai tafiya sararin samaniya tsufa da farin jini. Alaƙar wannan adabi da tarihin roka ta wuce ta nishaɗi, domin mutane ukun da ake ɗauka su ne iyayen ilimin roka na zamani, wato Konstantin Tsiolkovsky na Rasha da Robert Goddard na Amurka da Hermann Oberth Bajamushe, kowannensu ya faɗa da bakinsa cewa littafin labari ne ya fara sa masa wannan tunani. An fi yawan yaba wa marubutan da cewa sun hango abin da zai zo. Tarihi ya nuna cewa hasashensu da ya faɗa daidai kaɗan ne, kuma kurakuransu sun fi amfani, don a wajen gyara su ne yaran da suka karanta littattafan suka zama injiniyoyi.

Kafin a san roka

Tun a ƙarni na 2 miladiyya wani marubuci mai rubutu da Girkanci, Lucian na Samosata, ya ba da labarin jirgin ruwa da guguwa ta sura ta kai duniyar wata. Shi dai ba'a yake yi wa matafiya masu shara ƙarya. Wanda ya fara ɗaukar abin da gaske shi ne masanin falaki Johannes Kepler, a littafinsa Somnium, wato Mafarki, wanda aka buga a 1634 bayan rasuwarsa. Aljanu ne ke ɗaukar matafiyi a labarin, amma bayanin yadda duniyarmu za ta bayyana ga wanda ke tsaye a kan wata lissafin falaki ne tsantsa. A 1638 aka buga labarin Francis Godwin, wani limamin coci a Ingila, inda garken tsuntsaye ya ja mutum zuwa wata. Cyrano de Bergerac na Faransa kuwa ya ɗaura wa jaruminsa kwalaben raɓa a jiki, da hujjar cewa rana na zuƙe raɓa sama da safe. A wani wurin kuma ya sa an ɗaura wa keken jarumin rokokin wasan wuta. Cikin raha ya taɓo hanyar da ta zama ta gaskiya bayan shekara ɗari uku.

Igwar Jules Verne

Littafin da ya fi kowanne tasiri a wannan fage shi ne De la Terre à la Lune, ma'ana Daga Duniya Zuwa Wata, wanda Bafaranshe Jules Verne ya fitar a 1865, da cigabansa da ya fito a matsayin littafi a 1870. Labarin wata ƙungiyar maƙera bindigogi ne a birnin Baltimore, waɗanda yaƙin basasar Amurka ya ƙare ya bar su ba aikin yi, sai suka yanke shawarar haƙa igwa mai tsawon ƙafa 900 a cikin ƙasa su harba harsashi zuwa wata. Sun raɗa wa igwar suna Columbiad. Da farko harsashin ba kowa zai ɗauka ba, sai wani Bafaranshe mai ganganci, Michel Ardan, ya aiko da saƙo cewa a gyara shi don shi zai shiga ciki. Daga ƙarshe mutum uku suka tafi.

Abin da ya bambanta Verne da na gabansa shi ne lissafi. Ya nemi taimakon ɗan'uwansa Henri Garcet, malamin lissafi, ya kuma rubuta cewa sai abu ya yi gudun yadi 12,000 a daƙiƙa guda kafin ya kuɓuce wa janyowar ƙasa. Wannan ya yi kusa da kilomita 11 a daƙiƙa, wanda shi ne adadin gaskiya. Ya ƙera harsashin da alminiyam a lokacin da ƙarfen ke da tsada kamar na ado. Ya sa jihohin Texas da Florida suna ja-in-ja kan wadda za ta karɓi aikin, Florida ta yi nasara, aka haƙa igwar kusa da Tampa. Matafiyan sun zaga ta bayan wata ba su sauka ba, suka dawo suka faɗa Tekun Pasifik, jirgin sojan ruwan Amurka ya tsamo su.

A Disambar 1968 kumbon Apollo 8 ya tashi daga Florida da mutum uku, Frank Borman da James Lovell da William Anders, ya zaga wata bai sauka ba, ya faɗa Tekun Pasifik, sojan ruwa suka tsamo shi, ana kuma sarrafa tafiyar daga Houston ta jihar Texas. Kamannin sun isa su sa mutum ya riƙe baki. Sai dai ba duba Verne ya yi ba. Ya zaɓi Florida ne saboda yana son wurin da wata ke ratsawa ta tsakar ka, kuma kudancin Amurka ne kaɗai ya cika wannan sharaɗi a ƙasar. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta zaɓe ta don wasu dalilai na daban: kusanci da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta kudu da arewa, na ƙara wa roka gudu daga juyawar ƙasa, kuma akwai teku a gabas inda tarkace zai faɗa ba tare da ya kashe kowa ba. Teku kuwa shi ne wuri mafi faɗi da laushi ga duk wanda zai faɗo. Duk da haka 'yan sama jannatin sun san bashin da ke kansu. Sashen kumbon Apollo 11 da ya kai su ya dawo da su sunansa Columbia, kuma a jawabinsa na talabijin ranar 23 ga Yulin 1969, suna kan hanyar dawowa, Neil Armstrong ya fara ne da ambaton Verne da littafinsa.

Kuskuren Verne babba ne. Igwa na ba harsashi dukkan gudunsa cikin ƙiftawar ido, don haka nauyin da zai danne mutanen ciki zai haura nauyin jikinsu sau 20,000. Ba abin da zai rage sai jini a ƙasan harsashin, duk da shimfiɗar ruwa da marubucin ya tanadar musu don rage girgiza. Ya kuma ɗauka cewa matafiyan za su rasa nauyi ne a wuri ɗaya tak, inda janyowar ƙasa da ta wata suka yi kunnen doki, alhali tun daga fitowarsu bakin igwa ya kamata su riƙa shawagi. Abin dariya, shi da kansa ya ba da hujjar da ta karya shi: karen da ya mutu aka jefar ta taga ya ci gaba da bin harsashin kafaɗa da kafaɗa, wanda ke nuna duka biyun faɗuwa ɗaya suke yi.

Yara uku da littattafansu

Tsiolkovsky, wanda aka haifa a 1857, ya kurumce tun yana ɗan shekara goma sakamakon zazzaɓi, ya karantar da kansa, ya ƙare a malamin makaranta a garin Kaluga. Ya rubuta cewa Verne ne ya shuka masa irin wannan tunani. Da ya gane igwa ba za ta yi ba, sai ya nemi abin da zai ƙara gudu sannu a hankali, kuma ya yi aiki inda babu iska. A 1903, shekarar da 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright suka fara tashi da jirgin sama, ya buga maƙalar da ke ɗauke da lissafin alaƙar gudun roka da yawan man da ta ƙona, har ya ba da shawarar a yi amfani da iskar haidirojin da ta oksijin da aka mayar ruwa. Shi ma ya rubuta ƙagaggun labarai, ɗaya a 1893 kan rayuwa a wata, wani a 1920. A matsayin adabi ba su da armashi, darasin kimiyya ne aka sa wa riga.

Goddard yana ɗan shekara 16 ya karanta labarin H. G. Wells na mamayar da halittun duniyar Mars suka kawo wa duniya, The War of the Worlds, wanda ya fito a 1898. Ranar 19 ga Oktoban 1899 ya hau wata bishiya a bayan gidansu don sare rassa, yana can sama ya shiga tunanin na'urar da za ta kai mutum Mars. Har ya mutu yana tuna wannan rana a littafinsa na ajiye bayanan yau da kullum. A Janairun 1920 jaridar New York Times ta yi masa ba'a a sharhinta, tana cewa bai san abin da ake koya wa 'yan sakandare ba, wai roka ba za ta motsa ba inda babu iskar da za ta tunkuɗa. Jaridar ce ba ta fahimci dokar Newton ta uku ba: roka na tafiya ne saboda abin da take watsarwa baya, ba don tana dogara da iska ba. Ranar 16 ga Maris 1926, a wata gona a Auburn ta jihar Massachusetts, Goddard ya harba roka ta farko mai amfani da mai na ruwa. Ta yi sama ƙafa 41, ta yi daƙiƙa biyu da rabi a iska. Jaridar ba ta janye maganarta ba sai ranar 17 ga Yulin 1969, washegarin tashin Apollo 11, shekara 24 bayan mutuwarsa.

Oberth, haifaffen yankin Transylvania da ke Romaniya a yau, ya karanta Verne yana ɗan shekara 11 har ya kusa haddace shi, kuma shi ma ya zauna ya lissafa ya ga igwar kisa za ta yi. Jami'ar Heidelberg ta ƙi karɓar kundin digirinsa na uku kan roka, sai ya buga shi a matsayin littafi a 1923. Wannan ɗan littafi ne ya tayar da ƙungiyoyin masu sha'awar roka a Jamus.

Ƙirgen baya-baya

Al'adar nan ta ƙirga daƙiƙoƙi daga goma zuwa sifili kafin tashin roka daga gidan sinima ta fito. A 1929 daraktan fim Fritz Lang ya yi Frau im Mond, wato Mace a Duniyar Wata, daga labarin matarsa Thea von Harbou, ya ɗauki Oberth mai ba da shawara. Fim ne marar sauti, Lang kuma yana son 'yan kallo su ƙagu, sai ya sa aka riƙa nuna daƙiƙoƙin da suka rage suna raguwa. Injiniyoyi suka ga ai dabara ce mai amfani, tunda kowa ya san lokacin da ya rage masa ya gama aikinsa. An so Oberth ya harba roka ta gaske ranar fara nuna fim ɗin don talla, amma abin ya gagara.

Cikin samarin da suka yi wa Oberth hidima bayan nan akwai Wernher von Braun. Rokar V-2 da ya jagoranci ƙerawa ga sojan Hitila ta fara tashi lafiya ranar 3 ga Oktoban 1942, an zana mata hoton mace zaune a kan jinjirin wata don tunawa da fim ɗin. Ita ce abu na farko da hannun ɗan Adam ya ƙera da ya kai sararin samaniya, a wani gwaji na 1944. Fursunoni ne aka tilasta wa haɗa ta a ramukan ƙarƙashin dutse na sansanin Mittelbau-Dora, kuma waɗanda suka mutu wajen ƙera ta sun fi waɗanda ta kashe a Landan da Antwerp yawa. Bayan yaƙi Amurka ta kwashe von Braun da mutanensa. Can ya rubuta nasa ƙagaggen labarin kan tafiya Mars, ya yi jerin maƙaloli a mujallar Collier's daga 1952, ya fito a shirin talabijin na Walt Disney a 1955, daga bisani ya jagoranci ƙera rokar Saturn V da ta kai mutane wata.

Falakin Clarke, da wayar Legas

Tunanin tauraron ɗan Adam ya girmi Sputnik, tauraro na farko da aka harba ranar 4 ga Oktoban 1957, da kusan shekara casa'in. A 1869 Ba'amurke Edward Everett Hale ya rubuta labarin wani wata da aka gina da tubali aka cilla sama don matuƙan jiragen ruwa su riƙa gane inda suke, aikin da GPS ke yi yau.

Wanda ya fi shahara a nan shi ne Arthur C. Clarke na Ingila. A fitowar Oktoban 1945 ta mujallar Wireless World, yana hafsan sojan sama mai aikin na'urar rada, ya bayyana cewa abin da aka ajiye a tazarar kusan kilomita 36,000 saman tsakiyar duniya zai zaga ta cikin kwana ɗaya cif, don haka ga mai kallo daga ƙasa kamar a tsaye yake. Uku irinsu sun isa su kai saƙon rediyo kusan ko'ina. Wannan ne dalilin da ya sa farantin talabijin da ke kan rufin gida ake saita shi sau ɗaya a bar shi. Ba Clarke ne ya fara gano wannan falaki ba, wato hanyar da tauraron ke bi yana zagaya duniya, Herman Potočnik ɗan Sloveniya ya yi maganarsa tun ƙarshen shekarun 1920, amma Clarke ne ya haɗa shi da sadarwa, har ake kiran falakin da sunansa. Ya zaci taurarin za su kasance manyan tashoshi da ma'aikata zaune ciki suna canza kwalaben rediyo da suka ƙone. Ƙirƙiro tiransisto a 1947, ƙaramar na'urar da ta maye gurbin kwalaben, ya kawar da wannan buƙata.

Nijeriya ta shiga wannan tarihi tun da wuri. Tauraron Syncom 2, wanda Amurka ta harba a Yulin 1963, shi ne na farko da ya yi aiki a falakin da ke tafiya daidai da juyawar duniya. Ranar 23 ga Agustan 1963 Shugaba John F. Kennedy ya yi magana ta cikinsa da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta hannun wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Legas. Wannan ce hira ta farko tsakanin shugabannin gwamnatoci biyu ta tauraron ɗan Adam, kuma har zancen ɗan damben nan Dick Tiger ya shigo ciki. Kafin nan ma, Kano na cikin wuraren da NASA ta kafa tashoshin bibiyar kumbo na Mercury, shirinta na farko na aika mutum sararin samaniya, kuma tashar ta yi aiki lokacin da John Glenn ya zaga duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairun 1962. A ɓangaren adabi, a 1969, shekarar da aka sauka a wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya yi yawo da shi a samaniya, wanda ake lissafa shi cikin ƙagaggun labaran kimiyya na farko a Hausa.

Mars da ba ta kasance ba

A 1877 masanin falaki ɗan Italiya Giovanni Schiaparelli ya ga wasu layuka a fuskar Mars ya kira su canali, kalmar da ke nufin kwazazzabai ko hanyoyin ruwa. Da aka juya ta zuwa Turanci sai ta ɗauki ma'anar magudanan da aka haƙa da hannu. Attajiri Percival Lowell ya gina ɗakin duban taurari a Flagstaff ta jihar Arizona a 1894, ya shafe shekaru yana zana taswirar magudanan, yana cewa wata al'umma ce da ƙishirwa ke kashewa ke janyo ruwa daga ƙanƙarar ƙuryar duniyarsu. Daga wannan ruɗin ido aka samu adabi mai yawa: Wells, da Edgar Rice Burroughs daga 1912, da Alexei Tolstoy a Rasha, da Ray Bradbury a 1950. Wasan rediyon Orson Welles na 30 ga Oktoban 1938 ya firgita wasu masu sauraro da suka zaci mamayar gaske ce, ko da yake jaridu sun zuzuta girman firgicin. A Yulin 1965 kumbon Mariner 4 ya wuce ta gefen Mars ya aiko da hotuna ashirin da 'yan kai. Ramuka ne da ƙura, ba magudana ba birni. Haka aka yi da Zuhura, wadda marubuta suka cika da dazuzzuka da fadamu, sai kumbunan Venera na Tarayyar Sobiyet suka tarar da zafin da ya isa ya narkar da darma.

Akwai wani dace mai ban mamaki. A 1726 Jonathan Swift ya rubuta a Gulliver's Travels cewa masanan wani tsibiri mai tashi sun gano Mars na da watanni biyu. Sai a 1877 Asaph Hall ya gano watannin Mars biyu na gaskiya, Phobos da Deimos. Tsawon zagayen da Swift ya ba su bai yi daidai ba, kuma adadin biyu zato ne da ya daɗe yana yawo tun zamanin Kepler, amma an raɗa wa wani rami a Deimos sunansa.

Sunaye

Ta hanyar suna ne masana suka fi biyan marubuta. Bayan kumbon Luna 3 ya ɗauki hoton bayan wata a 1959, Sobiyet ta sa wa wani rami sunan Verne, wani na Tsiolkovsky. 'Yan Apollo 15 sun kira wani rami Dune saboda littafin Frank Herbert. Kumbon dakon kaya na farko da hukumar sararin samaniya ta Turai ta aika tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Maris 2008 sunansa Jules Verne, kuma ya tafi da wasu rubuce-rubucen hannunsa. Wurin da motar bincike Curiosity ta sauka a Mars a 2012 an sa masa sunan Bradbury, wanda ya rasu watanni biyu kafin nan, inda Perseverance ta sauka a 2021 kuma sunan Octavia Butler, marubuciya baƙar fata.

Kumbo mai fuka-fuki na farko da NASA ta gina an shirya kiransa Constitution. Masu kallon shirin talabijin na Star Trek suka yi ta aika wasiƙu fadar shugaban ƙasa, Shugaba Gerald Ford ya amince a kira shi Enterprise kamar jirgin cikin shirin. An fito da shi ranar 17 ga Satumban 1976, 'yan wasan na tsaye a gefe, amma gwajin sauka kawai aka yi da shi, bai taɓa zuwa sararin samaniya ba. Tasirin shirin da ya fi wannan nauyi ta hannun Nichelle Nichols ya zo, wadda ta fito a matsayin Uhura, sunan da aka samo daga kalmar Suwahili ta 'yanci. A 1977 NASA ta ɗauke ta ta zaga ƙasa tana kiran mata da baƙaƙen fata su nemi aikin sama jannati. Rukunin da aka ɗauka a 1978 ya ƙunshi Sally Ride da Guion Bluford, mace Ba'amurkiya ta farko da baƙar fatar Amurka na farko da suka je sararin samaniya, dukansu a 1983. Mae Jemison, likita, wadda ta tashi tana kallon Uhura, ta tafi a kumbon Endeavour a Satumban 1992, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta je. A shekarar da ta biyo baya aka gayyace ta ta fito a wani kashi na sabon Star Trek, ta sa rigar ma'aikatan jirgin ta yi ɗan gajeren fitowa.